Raƙumin da Ya Ƙi Durƙusawa

Na daɗe da yanke hukunci cewa tarihin ɗan Adam, in aka tankaɗe shi aka zubar da tsaki, abin da zai rage a faifai magana ɗaya ce: wa zai fara zuwa gaishe da wa. Masu rubuta manyan littattafai suna ɗora rushewar dauloli a kan yunwa da annoba da ƙarancin dawaki. Ina girmama su, na kuma koyar da abin da suka rubuta har alli ya busar mini da yatsu. Amma ni daular da na ga faɗuwarta da idona ta shanu biyu ce da garma ɗaya, a wani ƙauye tsakanin Gagarawa da Gumel, kuma babu yunwa ko annoba a cikin labarin.

Shekarun farko ne na jihar Jigawa, lokacin da kowa ke jin cewa arziki ya riga ya taso yana kan hanya, saura kawai a share masa ƙofar gida. Mahaifina yana aikin gwamnati a Gumel, ni da ƙanwata kuwa an bar mu a ƙauye wurin kakata, wadda kowa ke kira Iya, har 'ya'yan da ta haifa. Mai gidan shi ne Baffa Sale, yayan mahaifina.

Idan sanyi ya shigo, an gama kai amfanin gona rumbu, Iya kan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta da zarar an kwashe kwanukan tuwo bayan magariba. Wutar kara ba ta da haƙuri. Ta tashi fuu, ta gasa maka gwiwa bayanka na karkarwa, kafin ka gyara zama ta koma toka. Aikinmu mu jikoki shi ne tura mata kara, ladanmu kuma gyaɗar da Iya ke binnewa a cikin tokar. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta kaɗe zaninta ta ce, "Masu kunne su matso, masu baki su ja baya." Ni take nufi da na biyun.

"Kai mijin nan nawa da bai taɓa kawo cefane ba," takan ce da ni, "in ka katse ni yau, gobe da safe zan kai ka gaban alƙali."

Baffa Sale ba ragon mutum ba ne, kuma ba wawa ba ne. Ina so a san wannan tun da wuri. Shi ya fara shuka riɗi a layi a garinmu, ana yi masa dariya, daga baya aka bi shi. Ya gama firamare, rediyo ba ta barin hammatarsa, kuma kalmar "tsari" ba ta barin bakinsa. Tsarin nasa a bayyane yake: shanun huɗa su ja amalanke da rani, amalanke ya riƙa kai riɗi da gero Maigatari, daga nan injin niƙa, daga injin niƙa kuma sai abin da Allah ya yi. Duk wanda ya saurare shi ya san abin mai yiwuwa ne.

A lokacin ba kowa ke da shanun huɗa biyu ba. Abin da aka saba shi ne mutum biyu su haɗa. Kowa ya sayi sa ɗaya ya ciyar da abinsa a gidansa, in damina ta faɗi a haɗa su a karkiya ɗaya. Bana a fara da gonar wannan, baɗi a fara da ta wancan. Tare ake horar da shanun tun suna ƙanana, ɗaya ya saba da dama, ɗaya da hagu, har takunsu ya daidaita. In aka raba su, kowanne ya koma bakin cin harawa kawai.

Abokin haɗin Baffa shi ne Haruna, wanda aka yi musu kaciya tare. San Baffa ja ne, muna ce masa Ja. Na Haruna fari ne, muna ce masa Fari. Ba mu wahalar da kanmu wajen raɗin suna ba.

A daminar da nake magana, da gonar Baffa ya kamata a fara. Sai ruwan huɗa ya sauka ranar da ya kwana a Gumel neman taki. Ƙasarmu rairayi ce, laima ba ta jiran kowa. Haruna ya ga shanu a tsaye, mai gona ba ya nan, sai ya kwance Ja ya haɗa da Fari ya shiga tasa gonar, ya aiko ɗansa ya faɗa a gida. Da azahar Baffa ya sauko daga mota, ya biyo ta gindin tsamiyar da maza ke zama. Wani dattijo mai tsokana ya ce, "Sale, sannu da hanya. Ashe san naka ya san gidan ubangidansa?"

Aka yi dariya, aka koma hirar da ake yi. Baffa bai shiga gida ba. Ya wuce gonar Haruna, ya kwance Ja daga karkiya a tsakiyar aiki, ya jawo shi gida. Washegari Haruna ya zo da Fari da garma don a yi gonarmu. Baffa ya aika a ce masa yana barci, da muryar da aka ji har bayan gari. A shekarar nan, da hannu muka yi huɗa, a makare, kuma bayanmu mu yara ne ya ɗauki mafi yawan fushin. Gero bai cika rumbu ba.

To, a cikin sanyin da ya biyo baya ne Ladi matar Haruna ta zo wurin Iya da la'asar. Ta ce mijinta ba zai iya ciyar da san da ba ya aiki har wata damina ba, zai kai Fari kasuwar Maigatari ta Alhamis mai zuwa. Ta ce ba ya neman a ba shi haƙuri. Shi ya zo an ce ana barci, yanzu Sale ya taka ya je ƙofar gidansa, ko da "ya shanu?" kawai zai ce, magana ta wuce.

Kowace uwa za ta iya kiran ɗanta ta ce masa tashi ka je. Iya ba za ta iya ba, don Baffa ɗan farinta ne. A irin tarbiyyarsu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama su yi doguwar magana, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Tunda nake ban taɓa jin ta ce "Sale" ba. "Wancan" take cewa, in ta matsu ta ce "mai rediyo". Saƙon Ladi ta hannun matar Baffa ya bi, ya dawo da amsa: wanda ya ɗauki sa ba izini ya san hanyar gidan mai sa.

Da magaribar nan Iya ta sa aka hura wutar nesa da ƙofar ɗakinta, kusa da turken Ja, inda Baffa kan zauna a kan kifaffen turmi yana tufka igiya. Ta ce wai hayaƙi na shigar mata ɗaki. Ta kaɗe zani, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Wani raƙumi ne, in ji ta, ya taso daga arewa cikin ayari, an ɗora masa gishiri. Duk ayarin ba wanda ya kai shi tsawo da ƙarfi. Da suka iso bakin kasuwa, raƙuma suka fara durƙusawa ana sauke musu kaya. Shi ma ya lanƙwasa gwiwar gaba, sai wani jaki da ke ɗaure a gindin bishiya ya dube shi. A nan Iya ta toshe hanci ta yi muryar jaki: "A'a! Dogo, ashe kai ma kana saukowa? Yau ga mu kai ɗaya."

Raƙumi ya miƙe zumbur. Ya rantse ba zai ƙara sa gwiwa a ƙasa ba. Mai shi ya ja akala, ya lallashe shi, ya doke shi, ya kawo masa ganye mai daɗi ya ajiye a ƙasa. Ina! Hannu kuma ba ya kai wa inda aka ɗaure kayan. Da ayari ya tashi komawa, mai shi ya gaji ya bar shi da gishirinsa.

Da farko abin ya yi masa daɗi. Duk inda ya bi sai a ce, kai, dubi raƙumin da ba ya durƙusa wa kowa. A tsaye yake barci. Sannu a hankali igiya ta ci masa baya, baya ya yi miki, gishiri ya riƙa narkewa yana shiga mikin. Tozonsa ya zube. Sauran raƙuma sun je arewa sun dawo, sun sake zuwa sun sake dawowa da sabbin kaya, shi yana nan da na farko.

Wata rana ya sake cin karo da jakin nan a bakin rijiya. Ya tattara sauran ƙarfinsa ya ɗaga wuya ya ce, "Ka gan ni nan. Tun ranar ban durƙusa ba."

Iya ta sake toshe hanci. "Wace rana? Bawan Allah, mun taɓa haɗuwa?"

Muka fashe da dariya. Ƙanwata ta ce, "Iya, ya mutu?"

"Bai mutu ba. Yana nan yana yawo. Jiya ma na ji wucewarsa ta bayan danga." Ta tona gyaɗa daga toka. "Ta ƙare. Wanda ta taka ya janye ƙafarsa."

Sai a lokacin na lura rediyon Baffa a kashe take, igiyar kuma tana kan cinyarsa bai ƙara mata ko taƙi ba. Na ga Iya ta daina ɓare gyaɗa, ko da yake ba ta dubi inda yake ba. Sannan Baffa ya yi dariya, dariya ta gaske, har da buga cinya.

"Iya, wannan ai ba ta yara ba ce. Don Allah gobe ki ba Ladi ita ta kai wa mijinta. Wallahi kamar kin auna shi! Gishiri na cin bayansa, amma girman kai ya hana shi saukowa."

Iya ta dubi wuta. "Mijina, tura kara," ta ce da ni. Da na tura, ta ƙara da cewa, kamar da tokar take magana, "Wasu dai Allah ya ba su kunne ne don kada hula ta rufe musu ido."

Baffa ya sake yin dariya. Ya ɗauka wannan ma da Haruna ake.

Ranar Laraba da hantsi Haruna ya fito da Fari, don masu kora da ƙafa a hanya suke kwana. Akwai hanyar da ta fi kusa, amma ta ƙofar gidanmu ya biyo. Daidai zaure ya tsaya gyaran takalmi, ya daɗe yana gyaran takalmin da ba abin da ya same shi. Ja ya ji ƙanshin ɗan'uwansa ya fara kuka yana fizgar turke, Fari ya amsa daga waje. Baffa yana cikin zaure, tabarma ɗaya ce tsakaninsa da ƙofa. Ya ƙara ƙarar rediyo. Iya tana tsakar gida tana tsince wake, ta tsince wake ɗaya ta mayar, ta sake tsince shi. Daga baya kukan Fari ya yi nisa.

Da damina aka gwada haɗa Ja da san wani maƙwabci, sai aka tarar dukansu na dama ne. Huɗar da suka yi ta zama abin kallo, yara har daga wata unguwa suke zuwa. Kafin kaka mahauta suka tafi da Ja. Haruna ma bai sake mallakar san huɗa ba, awaki ya koma kiwo. Amalanken da suka yi shekaru suna zance wani ne ya saya, ya yi jigilar riɗin garinmu zuwa Maigatari, har da na Baffa, wanda ke zaune a kan buhu yana yi wa mai amalanken bayanin inda tsarinsa ke da gyara.

Iya ba ta sake ba da tatsuniyar raƙumin ba har ta rasu. In mun roƙa sai ta ce ta manta. Haruna ya bi ta bayan wasu shekaru. Kafin rasuwarsa sun yi ta sallah a sahu ɗaya da Baffa, suna musabaha da yatsu. Ranar jana'izarsa Baffa ne ya shiga kabari ya karɓe shi, ya fito yana kukan da ban taɓa ganin namiji ya yi ba.

Tun daga lokacin na karanta littattafai da yawa a kan yadda ake cin nasara, na kuma zauna a tarurrukan bita inda ake ce mana mutum ya yarda da kansa, ya kafa buri, kada ya saurari masu sare gwiwa. Ina jin su sai Baffa ya faɗo mini a rai, don duk wannan ya cika shi har ya yi rara. Yana da kai, yana da ƙarfi, yana da buri, ga aboki, ga sa. Wasan da wani dattijo ya yi a gindin tsamiya, wanda na tabbata ya manta da shi kafin la'asar, shi ya zauna a kan duk wannan. Ban taɓa zuwa bitar da aka koya mana abin da mutum zai yi da zuciyarsa in an yi masa dariya a gaban jama'a ba.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Iya. Nakan tambayi kaina ko da al'ada ta bar ta ta kama sunansa sau ɗaya, ta ce "Sale, tashi ka je," da ya tashi. Ban sani ba. Abin da ke hannunta tatsuniya ce, ta kuma yi ta iya gwanintarta. Sai dai tatsuniya riga ce da ba a rubuta sunan mai ita ba, kowa ya ɗaga ta sai ya ga daidai maƙwabcinsa.

Baffa yana nan da ransa, ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Da na je gida cikin sanyin bara na tarar shi ke tara jikoki a bakin wuta, kuma tatsuniyar nan ce suka fi so. Bai manta komai ba, har toshe hancin. Abu ɗaya ya ƙara. Raƙumin yanzu yana da suna, Haruna.