Ranar da Kututture Ya Ɗaga Ni Sama

Duk sanda sababbin masu ɗaukar hoto suka tambaye ni mene ne lasisin kyauta, ranar da Kututture ya ɗaga ni sama nake tunawa, sai dariya ta riga ni magana.

Shagona na hoto yana Magama, dab da shingen kan iyaka, kuma yawancin aikina fasfo ne na matafiya. Bayan haka ina cikin wata ƙungiyar sa-kai da ke ɗora hotunan yankinmu a rumbun intanet na kyauta. Ƙa'idar rumbun ita ce kowa na iya ɗaukar hoton ya yi amfani da shi ba tare da ya nemi izinina ba, muddin ya rubuta sunana a ƙasa.

Wata ranar kasuwa, bayan damina, motar Kututture ta tsaya a shinge. Shi ne ɗan kokawar Maraɗi da ake ji da shi a lokacin. Nan take 'yan acaba da masu canji suka yi masa zobe. Na kutsa da kyamara, na ce, "Ranka ya daɗe, in ɗauka in sa a intanet?" Ya bubbuɗe ƙirji, ya dunƙule hannu, ya ce, "Ɗauka, duniya ta gani!" Da na juya wajen motar, inda iyalinsa ke zaune, ya ɗaga mini yatsa alamar a'a. Na sauke kyamara. Nasa kaɗai na ɗora.

Hoton ya yi farin jini, jaridu suka yi ta sa shi. Ni kuwa har tafiyata ta canza.

Ana nan, wata safiya ina goge gilashi sai na ga shagon ya yi duhu. Kututture ne ya cika ƙofa. Ban gama yi masa sannu da zuwa ba na ji ƙafafuna sun bar ƙasa, takalmina ɗaya ya faɗi.

"Kai ne Lawal Mai Hoto? Mi na yi maka?"

Ya sauke ni, ya dangwara wata kwalba a kan tebur. Ga hotonsa, ƙirji a waje, an rubuta: "Sirrin Ƙarfin Kututture, Maganin Basir Sha Yanzu." A ƙasa kuma, tsaf, "Hoto: Lawal Mai Hoto, Magama."

Ashe a wasansa na baya, yana shiga fili makaɗan abokin karawarsa suka ɗauki waƙar mai basir, 'yan kallo na amshi. Haushi ya sa ya yi gaggawa, aka kayar da shi. Wallahi na so in yi kuka, amma dariya ce ke taso mini, ina danne ta da tari.

Hajiya Binta, jami'ar shige da fice da ke bakin aiki a ranar, ta ji hayaniya ta shigo. Ta duba kwalbar, ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Da ta dawo da fuskar aiki ta ce, "Mai maganin ga ai Alhaji Mamman ne na Daddara. Yana can bakin tasha da lasifika. Mu tafi."

Muka tafi, rabin Magama na biye da mu. Alhaji Mamman na hango Kututture ya saki lasifikar ya tafa hannu: "Ga shi nan da kansa! Jama'a, ba na faɗa maku ba?" Sai da ya ga idon mutumin sannan muryarsa ta shige ciki.

"Yallaɓai, an ce mani hoton kyauta ne. Har sunan mai hoton na sa, ban ci haƙƙin kowa ba."

Na ce, "Alhaji, haƙƙina na ɗauka na yafe wa duniya. Fuskarsa kuwa ba tawa ba ce balle in ba ka. Jarida na iya sa shi a labarin kokawa, amma ka ce yana shan maganinka, wannan sai da bakinsa."

Hajiya Binta ta ce ya zaɓa, ko a ɓare takardun jikin kwalaben yanzu, ko maganar ta tafi gaban hukuma. Alhaji ya zaɓi ɓarewa. Aka kawo bokitin ruwa, muka zauna a ƙasa muna jiƙa kwalabe, ni da Alhaji da duk wanda ya zo kallo, Kututture na tsaye a kanmu. Sannan ya miƙa wa Alhaji lasifikar. Alhaji ya zagaye tasha yana shela: "Kututture lafiyatai lau! Bai taɓa basir ba!" A nan Kututture kansa ya fashe da dariya har ya dafa mota.

Na tambaye shi ko in nemi a cire hoton daga rumbun, tare da gaya masa cewa waɗanda suka riga suka sauke ba za a iya ƙwacewa ba. Ya kalli hoton a wayata ya jima, ya ce, "Bar shi. Na yi kyau." Da yamma na ƙara gargaɗi a ƙarƙashin hoton a rumbun cewa ba a yarda a yi talla da fuskar wanda ke ciki ba.

Tun ranar, kafin in danna kyamara nake zaunar da mutum in yi masa bayanin inda hotonsa zai iya kaiwa, ko da yana sauri. Ku ma ku riƙa yi. Lasisi kan hoto yake magana, amma mutumin da ke cikin hoton yana nan da ransa, wani kuma yana iya ɗaga ka da hannu ɗaya.