Rigunan da Suka Yi Mini Yawa

Ba a daɗe da ƙirƙiro jiharmu ba na samu aiki a wani banki a Dutse. Dokar wurin shat ce mai dogon hannu da laktaye. Ni kuwa gajere ne, siriri, a Haɗeja kaftani na tashi ina sawa, tela ya auna ya ɗinka daidai jikina. Matata na bar ta gida wajen mahaifiyata, don ɗaki ɗaya na samu a Takur, kuma ban san kowa a garin ba.

Ranar Asabar nakan hau acaba in zaga shagunan tufafi. Duk wadda na gwada sai hannunta ya rufe mini yatsu, wuyan ya yi yawa. A kasuwar Shuwarin wani mai gwanjo ya dube ni sama da ƙasa, ya nuna mini tarin kayan 'yan makaranta. Ba da raini ya yi ba. Na gwada wata fara, kafaɗa ta zauna, amma ta kasa kai ƙugu. Babba na saya, na koma ɗaki na tsaya gaban madubi ina naɗe hannu, babu wanda zan tambaya ko ta yi mini.

A bayan masallacin unguwarmu na samu wani dattijon tela, mutumin Miga. Ya ce bai taɓa rage shat ba, amma zai gwada. Ta farko ya ɓata ta, ya ba ni haƙuri. Ta biyu ta fito. Nakan zauna a bencinsa yana farke ɗinki, yana ba ni labarin gonarsa, yana tambayar lafiyar iyalina. A mako duka, hirar da nake yi ke nan wadda ba ta aiki ba. Har na riƙa sayen rigar da ba na buƙata don in samu dalilin zuwa.

Wata damina idanunsa suka fara gazawa. Ranar da na kai masa wata shuɗiya, ya mayar mini da ita.

"Yaro, ba na ganin zare. Gida zan koma."

Na ce, "Baba, Allah ya ba da lafiya."

Na taya shi ɗora kekensa a mota. Na sha cewa zan je Miga in gaishe shi, aiki ya hana, har na ji ya rasu. Zuwa lokacin da aka fara aiki da shari'ar Musulunci a jihar, matata ta tare a Dutse, ni ma na koma aikin gwamnati, inda kaftani ya wadatar.