Murhun Gas a Maƙerar Baba

Shekarar da tari ya kama Baba, likita a Birnin Kudu ya ce masa lallai ya rabu da hayaƙin gawayi in yana son ƙirjinsa. Baba maƙeri ne ɗan maƙeri, a ƙauyenmu da ke gefen Gwaram, kuma bai san wata sana'a ba. Ya dawo gida ya rataye zugazugi a jikin bango, ya shimfiɗa buzu a zaure ya zauna.

Bazara ce kuwa, lokacin da manoma ke tururuwa da garma da fartanya don a gyara kafin ruwa ya sauka. Mutum zai taso tun daga Fagam da ƙarafunsa ɗaure a bayan babur, Baba ya amsa gaisuwa, ya nuna masa hanyar wata maƙerar. Inna ta ce mini ko tuwo ba ya cinyewa. Da na zo na gan shi yana ta murza tafin hannunsa, abin ya tsaya mini a rai, don na san zaman nan zai riga tarin kayar da shi.

Ni walda nake yi a Birnin Kudu, kuma na taɓa ganin yadda ake gasa ƙarfe da gas. Na sayi tsohon tankin iska na babbar mota wajen 'yan gwangwan, na yanke bakinsa, na yi masa ƙafafu. Na huda gefensa na cusa bututun ruwa, na ɗaura masa kan risho, na ja tiyo zuwa tukunyar gas. Cikinsa kuma na shafe shi da yumɓu don ya riƙe zafi. Na ɗora a a-kori-kura ina ta cika baki, na kai gida.

Baba ya zagaya shi sau ɗaya ya ce, "Wannan na suyar ƙosai ne ko na ƙira?"

Na ce, "Baba, ka dai bari ka gani."

Na kunna. Wuta ta kama da gurnani, shuɗiya, babu hayaƙi ko kaɗan. Kafin ƙarfen da na sa ya yi ja sai muka ji tas, tas, yumɓun ya tsattsage yana zubowa. Maƙwabta da suka taru suka kwashe da dariya. Ni kuwa da saurin fushi, na yi cilli da awartaki na ce wallahi gobe zan mayar da tsiyar wajen 'yan gwangwan su auna.

Baba bai yi dariya ba. Ya tsuguna ya ɗauki ɓarɓashin yumɓun ya murtsuke a yatsunsa, ya ce, "Wa ya kwaɓa maka wannan?" Na ce ni ne. Ya ce, "Ai ga alama. Ka kwaɓa jiya ka kunna yau, kamar ana korarka." Can sai ya ce in je bayan gari in saro ƙasar suri, in biya ta masussuka in ɗebo ƙaiƙayi, in haɗo da kashin jaki.

Shi ya kwaɓa da kansa, yana yi yana mita, wai ba don yana son abin ba, don dai ba zai iya kallon ana wulaƙanta ƙasa ba. Ya zura hannu har kafaɗa ya shafe cikin tankin, ya sa aka ajiye a inuwa. Kullum sai ya je ya taɓa ya ce da saura. Na ƙosa har na gaji da ƙosawa, na koma bakin aikina.

Ranar da na dawo, tun daga bakin kwalbati na jiyo ƙarar masaba a kan uwar maƙera. Na san bugun nan, da shi na tashi. Na tarar ƙanena ya kunna masa, shi kuma ya ciro guntun sifirin mota jajir yana buɗe bakin fartanya, gumi na zuba. Na yi murna, na matsa kusa ina kallonsa. Bai ɗago ba ya ce, "Wutar taka ba ta da kunya, ko hira ba ta bari a yi. Amma tana cin ƙarfe."

Har ƙarshe bai daina kushe ta ba. Wai ba ta barin garwashin da Inna za ta gasa masara, wai idan gas ya ƙare sai an je har cikin Gwaram. Duk da haka damina uku ya yi yana ƙira da ita, ranar kasuwa ya ɗaure laujuna da fartanyu ya tafi da kansa, kafin Allah Ya karɓi abinSa.

Yanzu ƙanena ke riƙe da maƙerar. Yumɓun ya tsufa, ya fara zubewa, zafi na zurarewa, gas na ƙarewa da wuri. Da ya kira ni in duba, na haska ciki sai na ga sawun yatsun Baba a jere, wuta ta gasa su sun zauna daram. Ya ce, "Yaya, a farfasa a sake shafewa?" Na ce a bari sai bayan damina. Damina biyu ke nan ina ba shi wannan amsar.