Auta Ta Huda Bangon Inna

Shekara ashirin Auta ta yi tana ɗinka labule a wani shago da bai fi faɗin tabarma biyu ba. Karatunta bai wuce firamare ba, amma idan ta je gidan mutane auna taga, takan tsaya ta lura da inda rana ke dukan bango da inda iska ke maƙalewa.

Da hawan jini ya kwantar da mahaifiyarta, ɗakin tsohuwar ya zama abin tsoro: rufin kwano, taga ɗaya, wutar lantarki kuma sai ta ga dama. Ranar da Auta ta tarar da ita a sume, zufa ta jiƙa matashi sharkaf, ba ta shawarci kowa ba. Ta kira magini ya huda bango can kusa da silin, ta sa aka shafe kwanon da farin fenti. Ta sayo farantin sola guda, aka haɗa shi da ƙaramar fanka a bakin hudar, tana zuƙe zafi tana fitarwa waje. Ta janye gadon daga bangon yamma, ta rataya labule mai ninki uku, ta girke randa ƙarƙashin taga.

Bayan mako guda yayanta, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ya zo da tsakar rana. Hudar ya fara gani tun daga waje.

"Auta, gidan ubanmu kika fasa?"

Yana ɗaga labule ya tsaya cak. Inna na kwance lulluɓe da zane har fuska, ba ta ko motsi. Jakar kayan aikinsa ta suɓuce. Ya zaci ta rasu.

Sai tsohuwar ta yaye zanen. "Kai ne? Saki labulen nan, kana shigo min da zafi."

Ya zube a ƙasa. Da ya dawo hayyacinsa ya shiga neman inda aka ɓoye injin da ke sanyaya ɗakin. Ya leƙa ƙarƙashin gado, ya dafa bango, ya sake dafawa.

"Wa ya koya miki?"

"Ba kowa, Yaya. Gwadawa na yi."

Kafin damina ta sauka Auta ta gyara ɗakuna tara a layinsu. Yayan ne ke hawa rufi yana ɗaure farantan, ita tana ƙasa tana nuna masa inda zai karkata su, kuma ba ya musu.