Ɗingishin Aro

A layinmu idan aka ce Marigayi ya wuce, ba wanda yake salati. Yayana ake nufi, kuma lafiyarsa ƙalau. Ya samo sunan ne daga finafinai uku da ya fito a matsayin wani shahararren mawaƙi da ya daɗe da rasuwa. Da can kayan gyaran mota yake sayarwa. Wani darakta ya zo sayen batir, ya ga wushiryarsa da dogon haɓarsa, ya ce Yaya da mawaƙin kamar an tsaga kara. Daga ranar muka fara rasa Yaya.

Waƙa kuwa kada ku tambaya. Idan ya ɗaga murya a banɗaki, maƙwabta sukan ɗauka ƙofa ce take neman mai. A fim faifan mawaƙin ake sakawa, nasa aikin motsa baki da lumshe ido. Amma a ba shi haƙƙinsa, ya iya kwaikwayo. Ya kulle kansa a ɗaki da madubi da tsofaffin bidiyon mutumin, ya kwashe komai: baƙin tabarau, farin hankici, shaƙaƙƙiyar murya, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya yi magana. Mawaƙin yana ɗingishi da ƙafar hagu saboda hatsarin mota, sai Yaya ya riƙa sa tsakuwa a takalmi. Aka gama fim, aka cire tsakuwa, ɗingishi ya ƙi tafiya, shi ma bai kore shi ba.

Me zai sa ya kore shi, bayan da shi yake ci? Ana gayyatarsa taro, ya tsaya riƙe da makirufon da ba a jona ba, tsofaffin mata suna kuka suna taɓa rigarsa. Har ya fara cewa, "Lokacin da na yi waƙar nan," ko kunya babu. Matarsa ta ce ita mai rai ta aura, ba za ta iya zama da gawa mai neman ƙarin miya ba. Ta haɗa kayanta.

Ana haka idon Innarmu ya mutu, ta koma gane mutane da takunsu. Tana kwance a ɗakinta, da na tako baranda za ta ce, "Auta ce?" Har mai kawo mana ruwa ta sani. Amma duk ranar da Yaya ya zo yana jan ƙafa, sai ta ce, "Auta, kin yi baƙo, ba shi kujera."

Zai yi ɗan tarin nan ya ce, "Inna, ni ne fa."

"Sannu, bawan Allah. Ɗana nake jira, shi ba ya jan ƙafa."

Da fari abin dariya ya ba shi. Ya riƙa ba abokan aikinsa labari, wai ya ƙware har uwar da ta haife shi ba ta gane shi. Sai da likita ya ce mana jikin Inna ya yi nisa, sannan dariyar ta ƙare.

Ya same ni a kicin ya cire tabarau. Rabon da in ga ƙwayar idonsa har na manta. Ya ce, "Auta, don Allah, da can yaya nake tafiya?"

Haushi ya kama ni, tausayi ma ya kama ni. Mutum yana da bidiyo cike da akwati, babu ko ɗaya da shi ne a ciki. Na ce, "Da sauri kake yi, kana dukan ƙasa da diddige, kamar ka bar tukunya a wuta. Zo ka gani."

Na fita tsakar gida na gwada masa iya abin da na tuna. Ya ƙura mini ido, ya ɗauke ni a waya, ya koma ɗakinsa wurin madubi. Aikin da ya sani ke nan, kuma bai taɓa yin sa rabi da rabi ba.

Ranar da ya dawo ba tabarau, ba hankici, ƙafa a miƙe. Na laɓe a bakin taga ina leƙe. Ya tako barandar nan tsaf, ko alamar ɗingishi babu. Inna ta ɗago kai daga matashi, fuskarta ta washe.

"Auta ce? Zo ki zauna kusa da ni. Yayanki har yau bai zo ba?"

Ya zauna a bakin gadon, ta lalubo gefen rigarsa ta riƙe. Bakinsa yana motsi, amma bai san da wace murya zai amsa mata ba.