Kankaren da Surukata Ta Zuba

Surukata Pyo Geum-rye ta shekara talatin tana aikin lebura a wuraren gini a Busan. Yashi da bulo take goyawa a baya tana hawa bene da su. A zamaninsu mace ba ta riƙe cokalin gini, nata ɗauka ne da kallo. Da mijinta ya rasu, gwiwa kuma ta fara damunta, sai ta koma gidansu na ƙauye da ke kan gangare. Ta jera randunanta goma sha huɗu a dandamalin bayan gida, na tsumammen kabejin da ake kira kimchi da na daddawar waken suya da na kwaɓin barkono.

Daminar da ta cika saba'in da biyu aka kwana tara ana ruwa. Ƙasar bakin dandamalin ta zabtare, duwatsun shimfiɗa suka zame, randa uku suka gangara lambu suka fashe. Ɗaya tun ta uwarta ce.

Mijina Yong-tae, ɗanta na fari, bai iya musu da ita ido da ido, sai ya turo ni daga Seoul in lallashe ta ta dawo wurinmu.

Na same ta da diga a hannu, ta haƙa dogon rami a bakin dandamalin, zurfinsa ya kai gwiwa. Ga buhunan siminti a ƙarƙashin rumfa.

"Mama, ya ce ki bar wahalar nan. Daddawa ai ana sayarwa a kanti."

"Ya ci ta kantin. Maman Ha-eun, cire takalman nan naki ki riƙe min igiya."

Na riƙe. Ta zuba tsakuwa a ramin ta daddage, ta kafa katako gefe biyu, ta shimfiɗa rodi a tsakani. Muna cikin haka sai ga tsoho Tak, maƙwabcinta, magini ne da ya ajiye aiki. Ya jingina da shinge, ya kira ta da sunan garinsu kamar yadda ya saba.

"Mutuniyar Hadong, kankare fa ba kunun shinkafa ba ne. Ki kira namiji."

"In na ga namiji zan kira."

Washegari muka cuɗa, muka zuba. Mun kai rabi ke nan sai katakon waje ya yi ciki, ya ɓalle, kankaren ya kwararo cikin lambu. Turakun da ta tokare shi da su sun yi wa juna nisa. Tak ya yi dariya har tari ya kama shi.

Mama ta zauna a kan bokiti. Na ce a raina an gama, gobe tare za mu hau mota.

"Shekara talatin ina cikin magina," ta ce a hankali, "ban taɓa lura da tazarar turaku ba. Kaina kullum a ƙasa yake, kaya a baya." Sai ta miƙe. "Ɗauko shebur, kafin ya daskare."

Muka kwashe shi tas, muka wanke rodin ɗaya bayan ɗaya. Tafin hannuna ya yi ruwa. Ta sassaƙa sabbin turaku, ta buga su kusa-kusa, ta saka gajerun bututu huɗu ta ƙasa don ruwan da ke bayan kankaren ya samu hanyar fita. Da muka sake zubawa, ta yi ta soka sanda ciki tana bubbuga katakon da guduma. Bai motsa ba.

Tak ya daina dariya. Ya shiga gida ya fito da cokalinsa na gini.

"Matsa in shafe miki saman, kada ki ɓata aiki."

Ta fizge cokalin. "Wannan zan ara. Kai koma shingenka."

Ta durƙusa a kan gwiwar da ke ciwo, ta shafe shi daga wannan baki zuwa wancan, ba ta ɗago ba sai da ta gama. Ta rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna, ta kwana bakwai tana yayyafa masa ruwa. Sannan ta cire katako, ta cike bayan da ƙasa, muka mayar da duwatsu da randuna.

Ni kaɗai na koma Seoul. Mijina ya tambaye ni me na yi kwana goma, na buɗe masa hannuwana.

Da bikin girbi muka je dukanmu. Yong-tae ya hau kan kankaren, ya taka shi da ƙarfi, ya bi shi da ido.

"Mama, can ƙarshe ya ɗan karkace."

"Ya karkace. Ka zuba naka mu gani."

Bai sake yi mata zancen tashi ba. Bana ta cika saba'in da takwas, tana can, kuma ta sayi sabbin randuna biyar.