Rabin Mabuɗin Issaka

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Issaka, mai gyaran waya a unguwar Nima, kuma har yau ban gama jin haushin abin da ya yi mini ba.

Issaka bai yarda da kowa ba a kan saƙonninsa. Ya kulle su da wani dogon mabuɗi na lambobi da haruffa, wanda in babu shi ko kamfanin wayar ba zai iya buɗewa ba. Ya rubuta shi a takarda, ya yaga biyu, ya kai wa baduku ya ɗinke kowane rabi a fata kamar laya, don ya san a zango, unguwarmu ta Hausawa, babu mai farke layar wani. Ya ba ni ɗaya. Ɗayan ya ba abokinsa Fuseini, mai sayar da kayan mota a kasuwar Abossey Okai.

Ni da muka sha nono ɗaya, rabi! Bare ma rabi! Kishi ya ci ni, ba zan ɓoye ba.

Ranar sadakar bakwai Fuseini ya ja ni gefe. "Chale, abokina, kawo naka mu haɗa. Yarinyan shi zai so ya ji muryan baban shi." Na dube shi ido cikin ido na ce nawa ya ɓata. Alhali yana ƙarƙashin akwatina.

Da Issaka zai leƙo yau, dariya zai yi mini. Ya san halina, shi ya sa bai ba ni duka ba.

Bana 'yarsa Rabi ta girma, wayar Issaka kuma ta fara kumbura, tana neman mutuwa da saƙonnin a ciki. Watan jiya Fuseini ya zo gidana a Maamobi da kansa, ya ajiye nasa a tafin hannuna, bai tambaye ni komai ba. Na farke fatun biyu, na haɗa, saƙonni suka buɗe.

Rabi ta ji muryar ubanta, ta yi kukanta. Ni kuwa ƙirga na shiga yi. Hirarsa da Fuseini ba ta da iyaka, kullum suna zolayar juna. Na koma tawa, na tarar duk shi ne ke magana. Na ƙarshen ya ce, "Ƙanina, kana gida? In zo?"

Na gani a lokacin. Ban amsa ba.

Allah ya jiƙan Issaka. Har yanzu ina kishin Fuseini, amma yanzu na san abin da ya fi ni da shi.